Yadda Ake Shirya Ziyarar Yankari da Sauran Wuraren Buɗe Ido na Jihar Bauchi

Yawancin waɗanda za ka ji suna cewa "ai babu komai a Yankari sai birai", tafiyarsu iri ɗaya ce. Sun taso daga Bauchi da hantsi ranar yawon Sallah, sun isa Wikki, sansanin baƙi mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a cikin gandun dajin, rana ta take, sun yi wanka cikin cunkoso, sun ci shinkafar da suka zo da ita a kula, kafin la'asar direba ya fara danna hon. Ba ƙarya suka yi ba, birai kaɗai suka gani. Sai dai naman daji ba ya fitowa da tsakar rana, kuma ba kowane wata yake taruwa inda ido zai kai gare shi ba. Wanda ke son ya ga dajin da gaske, abu biyu zai tsayar kafin ya taɓa maganar kuɗi: watan da zai je, da kuma kwana a can. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na 1: Tsayar da wata

Yankari na cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A daji mai wannan girma, idan ruwa na ko'ina, dabbobi ma suna ko'ina, wato ba ka ganin su. Da damina kowane kwari yana da tafkinsa, gamba ta fi tsayin mutum, hanyoyin cikin daji sun yi laka, ƙudan tsando kuma ya yi yawa. Daji ya yi kore shar, gwanin kyau a hoto, amma ɓauna na iya tsayawa taku ashirin daga motarka ba ka sani ba.

Da rani lamarin yake juyawa. Tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta bushe, an ƙone wani sashe nata, ido yana kaiwa nesa. Kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin ba ya ƙafewa, don haka duk mai rai sai ya gangaro wurinsa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ke nan. A cikin wannan ma akwai bambanci. Disamba da Janairu lokacin hunturu ne, akwai sanyin safe mai shiga ƙashi, wani lokaci da hazo, amma jiki ba ya wahala, shi ya fi dacewa da mai tafiya da yara ko iyaye. Maris da Afrilu bazara ce, zafi kan kai maki 40 a ma'aunin Salsiyos, amma a nan ne giwaye suka fi zama kusa da Gaji. Ni dai idan aka ce in zaɓa, Fabrairu zan ɗauka: sanyi ya sassauta, zafi bai kankama ba.

Ka guji ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara, sai fa idan taron jama'a ka je kallo. Tsakiyar mako ya fi ƙarshensa.

Mataki na 2: Yi tambaya kafin ka tashi

Tun 2006 dajin ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi, bayan ya zauna ƙarƙashin gwamnatin tarayya daga 1991. Saboda haka a Bauchi ake samun bayaninsa, a ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido ko wurin ma'aikatan dajin kansu. Ka tambayi abu uku: ko akwai ɗaki a ranar da kake so, nawa ne kuɗin shiga a halin yanzu, da kuma lafiyar hanya. Kuɗin ba dunƙule ɗaya ba ne. Na shiga daban, na ɗaki daban, na fita kallon dabbobi daban, kuma yakan canza. Kada ka yi lissafi da farashin da wani ya faɗa maka bara.

Maganar lafiyar hanya kuwa ba ta Yankari kaɗai ba ce. Duk inda za ka shiga daji a wannan zamani, ka kira wanda ke zaune a yankin ana gobe tafiya, ka ji daga bakinsa.

Mataki na 3: Mota da hanya

Daga cikin garin Bauchi za ka ɗauki titin Gombe har zuwa Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola. A nan wajen ne hanyar Yankari ta rabu, ta yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar dajin take. Mai tasowa daga Gombe zai wuce Alkaleri kafin ya iso mararrabar. Abin da baƙo ba ya sani shi ne isa ƙofa ba isa Wikki ba ne: daga ƙofar zuwa sansanin akwai fiye da kilomita 40 na daji zalla. Gaba ɗaya daga Bauchi tafiyar ta ɗan haura kilomita 100, ka ware mata awa biyu ko fiye.

Ka cika tanki tun a Bauchi, ka duba safayar taya da jak. Idan ba ka da mota, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shata, ku kuma yi ciniki da direba a kan cewa kwana za a yi, don kada gari ya waye ya ce ba haka aka yi da shi ba. Shiga motar haya zuwa Dindima da fatan za a samu wadda za ta ƙarasa da kai, wannan neman wahala ne.

Ku tashi bayan kun karya, ku isa sansani kafin azahar. Bayan an wuce ƙofa, direba ya rage gudu, a sauke gilashi, a kashe rediyo. Kallo ya riga ya fara. Sau da yawa a kan wannan titin ake fara cin karo da gwanki ko garken zabin daji suna tsallakawa.

Mataki na 4: Abin da za a riƙa

Tsabar kuɗi, domin sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, tiransifa na iya maƙalewa kana tsaye gaban mai karɓa. Ruwan sha mai yawa. Tocila, abin ajiye cajin waya, maganin sauro, hula mai baki, takalmi rufaffe. Rigar sanyi idan hunturu ne, don iskar buɗaɗɗiyar mota da sassafe ba wasa ba ce. Buta da darduma. Wanda ke shan magani kullum ya riƙo nasa, babban asibiti yana da nisa.

Launin tufafi ma yana da muhimmanci. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, cizonsa kuma yana ratsa yadi marar kauri. Ka sa ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai dogon hannu. Farar shadda da aka sha guga a bar ta a gida.

Akwai wurin cin abinci a sansanin, amma ba laifi a yi guzuri. Masar Bauchi da aka saya da safe za ta kai rana lafiya, ga ƙuli-ƙuli, dabino da kilishi. In kana da madubin hangen nesa, ko na aro ne, ka ɗauko. Shi ke raba mai cewa "na ga wani abu ya motsa" da mai cewa "na ga mazo".

Mataki na 5: Sauka a Wikki, da zama da gwaggon biri

Da ka sauke kaya za ka gane cewa sansanin ba naka ba ne kai kaɗai. Gadu na yawo tsakanin ɗakuna, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya tsaye ya ruga. Shi ba ruwansa da kai. Gwaggon biri ne abin lura. Ya san leda, ya san kula, ya san cewa ƙofar da ba a murɗa mata makulli ba tana buɗuwa. Zai zauna can gefe yana sosa ciki kamar bai gan ka ba, kana juya baya ka ɗauko jaka ta biyu daga but, ya riga ya yi gaba da burodin.

Dokar zama da shi gajera ce. Kulle ƙofa da taga ko da minti ɗaya za ka fita. Ɗaga gilashin mota. Kada a ba yaro abinci a hannu ya fita waje da shi. Kada ka ba su abinci don ka ɗauki hoto, domin wanda ka ba yau shi zai ƙwace na wani gobe. In ya ƙwace maka abu, bar masa. Babban namiji yana da fiƙa mai tsawo, ba abokin kokawa ba ne.

Daga nan ka wuce ofishin karɓar baƙi ka rubuta sunanka a fita ta yamma da ta gobe da safe. Duka biyun, ba ɗaya ba. Kafin lokaci ya yi, ka leƙa ɗan gidan adana kayan tarihi na sansanin, inda aka ajiye ƙahoni, fatu, hauren giwa da tarkuna da makaman da aka karɓe daga hannun mafarauta. Minti talatin a wurin zai sa ka iya bambanta ƙahon gwanki da na kanki idan ka gan su a daji.

Mataki na 6: Fita kallon dabbobi

Wannan ne abin da ya kawo ka. Ana fita sau biyu, da sassafe da kuma wajen la'asar, kowace fita kamar awa biyu, a buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin. Ba a shiga daji da ƙafa, ba a kuma shiga ba ɗan rakiya.

Ka gaishe shi yadda ya kamata kafin a tashi, "Malam, ina kwana, ya aiki?", in dattijo ne ka ce Baba. Sai ka yi masa tambayar da ta dace: "Jiya ta wane gefe aka ga giwaye?" Wannan ta fi ka ce masa lallai sai ya nuna muku zaki. Zakuna suna nan, Yankari na cikin wurare kaɗan da suka rage da su a Najeriya, amma ƙalilan ne, kuma da dare suke harkarsu. Wanda ya ji rurinsu daga nesa da asuba ma ya yi sa'a.

Giwayen kuwa ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan. Farautar hauren giwa ta yi musu ɓarna a baya, abin da ya sa ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin sintiri tare da gwamnatin jiha a 2014. Ba a kafe suke wuri ɗaya ba, suna yawo, har sukan fita su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye lokacin da amfani ya nuna. Don haka babu mai yi maka alkawarin ganin su. Abin da ɗan rakiya ke yi shi ne karanta ƙasa, kuma in ka zuba masa ido za ka koya. Zai sa a tsaya, ya nuna sawu mai faɗin faranti a cikin rairayi, ya duba ko gefensa ya rushe ko yana nan da kaifinsa. Zai nuna kashi, in yana da danshi ƙudaje na kai, ba su yi nisa ba. Reshen da aka karya, in farin cikinsa bai bushe ba, na safiyar nan ne. Daga nan sai a yi shiru. Sau da yawa ƙarar karyewar itace ake fara ji kafin a ga komai, sannan wani abu mai ruwan toka da ka ɗauka dutse ne ya kaɗa kunne.

In an same su, a zauna a mota, ba ihu, ba tafi, ba hasken kyamara. Uwa mai ɗa ba ta da haƙuri. In ta buɗe kunnuwa ta fuskanto ku, direba ya san abin yi, kada wani ya ce a ƙara matsawa.

Ko ba a ga giwa ba, gefen Gaji ba ya rasa abin kallo. Bishiyoyi a nan sun fi na tudu girma da duhu, maɗaci, ɗinya, tsamiya, maje da giginya. Akwai ɓauna, gwambaza da ba ya nisa da ruwa, mazo mai fitowa a ɗarare, jan biri, kada kwance a bakin gaɓa, da dorina a wurare masu zurfi. Tsuntsaye sun haura iri 350. Mutane kan raina su, amma wanda ya ga burtu yana takawa cikin ƙonanniyar ciyawa da ƙasaitarsa ba zai ce asarar mai aka yi ba.

Fitar safe ta fi ta yamma a ganina, shi ya sa kwana ya zama dole. Ka yi asuba, ka sa rigar sanyi, ka riga kowa isa wurin mota, ka zauna a gefe ba a tsakiya ba. In an dawo, ɗan abin goro ga ɗan rakiya da direba ba ya cikin rasit, amma ya dace.

Mataki na 7: Wanka a Wikki

Ana gangarawa ta matakala daga sansanin. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau, kana hango farin rairayin ƙasansa. Ɗuminsa maki 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma kimanin lita miliyan 21 ke fita kullum zuwa kogin Gaji. Wurin wankan ya kai tsawon mita 200. Kusa da dutsen zurfinsa ya doshi mita 2, ya shanye dogon mutum, yana raguwa in an yi ƙasa. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya can ƙasa inda ruwa ke iya ƙugu, yara kuma kada a ɗauke ido daga kansu ko na ƙiftawa.

Da tsakar rana wurin na matasa ne da ɗalibai masu zuwa a bas. Mai iyali, ko mata masu son sakewa, su sauka da hantsi bayan an dawo daga daji, ko gab da magariba. A hunturu, lokacin da iska ke da sanyi ruwan kuma na da ɗumi, shiga ba wuya, fitowa ce aiki, ka ajiye tawul kusa. Kada a sa sabulu a ruwan, dabbobi ne ke shan sa a gaba. Wani ya zauna gadin kaya, birai suna sauka nan ma.

Mataki na 8: Nemi a kai ka wuraren tarihi

Ba kowa ya san mutane sun taɓa zama a cikin wannan daji ba, tun kafin a keɓe shi a 1956 a buɗe wa jama'a a 1962. Shaidar tana nan. Akwai kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa musu sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 da aka haƙa don tara ruwa, da kuma tsofaffin tanderun narka tama a Shau Shau. Fita ta yau da kullum ba lallai ta bi ta nan ba. Sai ka faɗa tun a ofis, a shirya maka, wataƙila da ƙarin kuɗi. In lokaci ya ƙure, zaɓi kogwannin.

Mataki na 9: Sumu da Kafin Madaki

Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari tuntuni. Mai son ganin sa sai ya dawo Bauchi ya ɗauki hanyar Ningi zuwa gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, tafiyar kamar awa guda. Dabbobin wurin, raƙumin dawa, jakin dawa da wasu manyan bareyi, daga Namibiya aka kawo kakanninsu a 2006. Sumu ƙarami ne idan aka kwatanta da Yankari, ganin dabba ya fi sauƙi, shi ya sa ya fi dacewa da ƙananan yara da ba za su jure awa biyu ana bin sawu ba. Nan ba sai an kwana ba, a je da safe a dawo da azahar.

A kan hanyar ka tsaya a Kafin Madaki ka ga gidan Madakin Bauchi, ginin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wajen 1860. Ka nemi izini a ƙofa, ka shiga soron, ka ɗaga kai ka kalli yadda aka ɗaure bakan gizon rufin.

Mataki na 10: Hawan dutse

Jihar cike take da duwatsu, kuma yawancinsu ba a biyan ko kwabo. Dutsen Mbula yana tsaye a kan garin Dass. A hanyar Jos akwai Zaranda, sannan Kwandon Kaya a Panshanu cikin ƙaramar hukumar Toro. A Geji, duk a Toro, da kuma Shira can arewacin jihar, akwai zanen mutanen zamanin da a jikin dutse.

Kada ka faka mota ka kama hawa kai tsaye. Fara da gidan mai unguwa ko hakimi, ka gaida shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ya haɗa ka da saurayin da ya san hanya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wasu duwatsun suna da wuraren da mutanen yankin ba sa son baƙo ya taka. A fara hawa da an idar da asuba, a sauko kafin rana ta ƙwalle, don dutse in ya ɗauki zafi ko tafin hannu ba ya karɓa. Silifas ba takalmin hawa ba ne. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, saboda maciji da kunama, in kuma ka ji gunjin zuma ka canza hanya ba tare da gudu ba. Bayan ruwan sama a haƙura, santsi ne. Saukowa ta fi hawa haɗari, a nan gwiwa ke rawa, a rage ƙarfi da ruwan sha dominta. Zanen dutse kuma a kalla da ido, ba a shafa shi, ba a rubuta suna kusa da shi.

In akwai sauran kwana

Tafkin Maladumba yana ƙaramar hukumar Misau. Ana bin titin Maiduguri ta Darazo zuwa Kari, a karya zuwa Misau. An sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma da hunturu tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a kansa. Ba wurin da aka gyara wa baƙi ba ne, masunta ne da makiyaya, don haka ka taho da abincinka da ruwanka. In za ka shiga kwalekwale, ka yi ciniki da masunci tun a gaɓa, kada a cika shi, kada kowa ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Ka kwana a Misau ko Azare don ka kasance a bakin ruwa da fitowar rana, ka kuma kamo hanyar Bauchi tun kafin la'asar.